Farin Akwati Mai Gilashi

Assalamu alaikum, masu bin labarina. Yau kam sai da na rubuta layin farko sau huɗu ina gogewa. Waɗanda suka yi ta turo min saƙo suna cewa, "Injiniya, ina kika shige kwana biyu?" ku yi haƙuri, kunya ce ta ɓoye ni. Kuma don girman Allah daga yau ku daina kirana da sunan nan. In kun kai ƙarshe za ku gane dalili.

Ga wadda yau ta fara cin karo da ni, sunana Juwairiya, a Bukan Sidi muke zaune a nan Lafia, ni da mahaifiyata da nake kira Dada. Babanmu ya rasu tun ina firamare, ƙanin Dada, Kawu Bubayero, shi ya riƙe gidan. Shi ne kuma ya sayar da bijiminsa, wani fari mai baƙin kunne da yake ji da shi, ya sa ni makarantar koyon kwamfuta bayan na gama sakandare. Wata shida na yi. Abin da na fito da shi, tsakanina da Allah, buga rubutu ne da sauri da kuma tsara katin biki. Amma ranar da na kawo takardar shaida gida, Kawu ya ɗaga ta sama a tsakar gida ya ce, "Yau gidanmu ya yi injiniya!"

Shi ke nan suna ya bi ni. Wayar maƙwabciya ta ƙi kawo wuta, a kira Injiniya. Rimot ya ƙi aiki, a kira Injiniya. In cire batir in hura in mayar, in Allah ya rufa min asiri abu ya tashi, a yi ta sa min albarka. Ban taɓa buɗe baki na ce ba haka ba ne. Daɗin sunan nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

A shagon da nake buga wa mutane takardu muka haɗu da Safiyullahi. Dogo ne, ba mai yawan magana ba, kullum da hular kwano a hannu saboda rabin rayuwarsa a kan babur take. A Shabu yake aiki, yana zana wa ƙungiyoyin manoma taswirar gonakinsu daga hotunan da ake ɗauka ta sama, yau yana Shabu gobe yana Awe. Ranar da ya fara zuwa gidanmu gaisuwa, ko ruwa bai gama sha ba Kawu ya ce masa, "Malam, ka dai san injiniyar kwamfuta ka zo nema ko?"

Na ga yadda fuskarsa ta washe. Ya waiwayo ya ce, "Haba! Shi ne ba ki taɓa faɗa min ba?"

Ni kuma uwar iyayi sai na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi, wai ni mai kawaici.

Ashe bawan Allah kwamfuta yake haɗawa da kansa, yana sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya, don laftof ɗinsa da ya ɗora mata manyan hotuna sai ta ɗau zafi ta mutu. Washegari da safe saƙonsa ya shigo, tambaya ce a kan wasu lambobi da haruffa da ko karanta su ban iya ba. Na kalli wayar, wayar ta kalle ni. Sai na tuna da Sewuese.

Sewuese ƙawata ce tun firamare, 'yar Tibi, gidansu na bayan namu. Tare muka yi makarantar kwamfutar nan. Lokacin da nake bencin baya ina zana wa 'yan mata fulawar lalle a takarda, ita tana gaba da sukundireba tana kwance tsofaffin kwamfutoci. Yanzu tana da teburinta a wani shagon gyara a hanyar Makurdi, maza ma layi suke bi a wajenta. Na kwafi tambayar na tura mata. Cikin minti biyu ta amsa. Na kwafi amsar, na gyara Hausar, na ƙara "ranka ya daɗe" a ƙarshe, na tura masa.

Wata takwas muka yi a haka, jama'a. Wata takwas cur.

Ita Sewuese ta san Safiyullahi ne ke tambaya, amma na ce mata ina gaya masa daga wajenta amsar take. Har takan ce, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji, "Ka gaishe min da angon naka, ka ce masa ranar biki fileti biyu zan ci." In ce mata, "Ya ce yana godiya." Alhali ko sunanta bai taɓa ji a bakina ba.

Shi kuma ya daina kirana Juwairiya gaba ɗaya. Injiniyata, safe da yamma. Da damina ta sauka ɗakinsa na Shabu ya fara yoyo, sai ya kwaso duk kayan da ya tara ya kawo gidanmu ajiya. Dada ta tura kwalayen ƙarƙashin gadonta, kusa da kulolin da take tara min na aure. Ya ce, "Ai gara su zauna a hannun wadda ta san darajarsu."

Abin da ya fara ɓata min lissafi wani saƙon murya ne da ya turo wata Talata, ina zaune ina tsince shinkafa. Ya ce, "Wallahi Injiniyata, kin san abin da ya fi burge ni da ke? Kanki. Kyakkyawar fuska ana samu ko'ina, amma macen da zan tambaya abu ta ba ni amsa daidai, ba ta taɓa kuskure ba, wannan sai an tona."

Sau biyar na saurara. Na farko na ji daɗi. Daga na biyu daɗin ya gushe. Wannan kan da yake yabo ai ba a wuyana yake ba, yana can hanyar Makurdi yana kwance laftof. Kishi ya turnuƙe ni, kishin yarinyar da ba ta yi min komai ba sai alheri. A ranar na ce wa kaina, tambaya ta gaba ni zan amsa, ai ni ma ba jaka ba ce.

Tambaya ta gaba kuwa ita ce ta ƙarshe. Ranar Lahadi ya turo hotuna uku, da wannan rubutun:

"Injiniyata, saura akwatin da za a zuba kayan ciki kawai. Ƙarami nake so, wanda zan sa a jaka in ɗaure a bayan babur in tafi da shi Awe. Matsalar ƙananan nan ba kowane kaya ke shiga ba. Katin girafik ɗin yana wajenki, ki auna tsawonsa, sai ki zaɓa mana cikin ukun nan. Wanda kika ce shi zan sa a turo daga Legas."

Katin girafik, ga waɗanda ba su sani ba kamar yadda ni ma ban sani ba, wani dogon abu ne mai fanka uku a jiki, shi ke zana hotuna da taswira a fuskar kwamfuta. A duk kayan shi ya fi ji da shi, don shi ya fi daɗewa yana nema.

Na buɗe hotunan. Na farko baƙi ne, jikinsa duk huji-huji kamar rariya, da mariƙi a sama. Na biyu ruwan toka, ba fasali. Na uku kuwa, wayyo! Fari tas, ɗan dagwas, gefensa guda gilashi, da wasu fitilu ruwan hoda a ciki. A ƙarƙashin kowane hoto akwai rubutu ƙanana da lambobi. Ko kallonsu ban yi ba.

Ina cikin haka Sewuese ta yi sallama da kwanonta, ta zo sayen fura da nono wajen Dada kamar yadda ta saba in ta taso daga coci. Ta leƙo wayata ta kafaɗata.

"Ah, an zo kan akwati ke nan! Juwairiya, ka ji ko, abu uku za ka duba. Ka auna tsawon katin, ka auna tsayin fankar da ke sanyaya injin, sannan ka duba inda iska zai shiga. Wannan mai gilashin, abeg ka manta da shi. Zafin Lafia zai dafa kayan kamar doya. Turo min in duba lambobin."

Da na yi shiru ma da ya fi. Sai na ji bakina yana cewa, "Wai ke kaɗai kika je makarantar ne? Komai sai kin tsoma baki? Na tambaye ki?"

Ta tsaya da kwano a hannu tana kallona. Ba ta rama ba. Ta ce, "Sorry o," ta juya ta fita, ko furar ba ta karɓa ba. Dada ta leƙo daga madafa ta ce, "Me kika yi wa 'yar mutane?" Na ce ba komai, sauri take yi.

Da yamma na kai wa Dada wayar, don in samu mai goya min baya. Ku da ba ku san Dada ba, mace ce mai son jere. Har yau ƙoranta na aure suna nan a bangon ɗakinta, farare ƙal, manya a ƙasa ƙanana a sama, duk Juma'a sai ta sauke su ta goge. A wajenta duk abin da zai shiga ɗakin mace dole ya zama abin da baƙuwa za ta gani ta yaba. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta.

"Wannan baƙin ai murhun gawayi ne," in ji ta. "A ɗakin amarya? Allah ya kiyaye. Ɗauki farin, Juwai. Kin ga zai shiga da labulenki, kuma ga gilashi, kowa ya zo ya ga abin da ke ciki."

"Dada, ya ce a auna."

"To a auna mana. Ɗauko tef."

Ta yaye zanin da ta lulluɓe shogilas ɗina da shi, kabad ɗin jere mai gilashi wanda kafinta ya kawo tun watan jiya. Muka auna gurbin tsakiya, faɗi da tsayi. Na duba girman farin akwatin, ya shiga daram, har da sauran wurin ɗora fulawar roba. Dada ta tafa hannu ta ce kamar don shi aka yi.

Kada ku ce ban gane abin da ya ce in auna ba. Na gane sarai. Bayan Dada ta fita alwala har na durƙusa na jawo kwalin katin daga ƙarƙashin gado. Na ga an manne bakinsa, na ga hoton abin da fankokinsa, sai tsoro ya kama ni. In na buɗe na ɓalla wani abu fa? In na auna ma daga ina zuwa ina? Wadda zan tambaya na kore ta da bakina. Na tura kwalin na mayar, na karkaɗe gwiwata, na ɗauki waya.

"Na auna. Farin ya yi."

Ya amsa nan take. "Kin tabbata? Ni na ɗauka baƙin za ki ce, saboda iska."

"Ka yarda da ni," na rubuta.

"Ai tun tuni, Injiniyata."

Ranar Juma'a akwatin ya iso tasha, ya ɗauko ya kawo gidanmu. Ya ce gobe Asabar bayan la'asar za mu haɗa tare, don ranar Litinin yana da aiki a Awe, yana so ya tafi da sabuwar kwamfutarsa. Yana fita ni da Dada muka buɗe kwali, muka ɓare ledar da aka manna a gilashin don mu ga ƙyallinsa. Dada har da goge shi da gefen zaninta. Daga baya na ji cewa in an ɓare ledar nan mai kaya ba ya karɓar abinsa.

Kawu Bubayero da ya ji labari ya ce shi ma ba za a yi babu shi ba, yau zai ga aikin Injiniya da idonsa. Ya zo da farar babbar riga da hula zanna, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ni kuma na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na yafa farin mayafi, lallen da aka yi min ranar Alhamis ya kama ya yi jawur. Dada ta shimfiɗa babbar tabarma a gindin mangwaro, ta kawo fura da nono a ƙwarya da zoɓo mai sanyi. Matan maƙwabta biyu suka tsaya a bakin katanga, wai sun zo aron turmi.

Safiyullahi ya jera kwalaye, ya wanke hannu, ya yi bismilla. Ya kwance gefen akwatin, ya ɗora babban faifan da komai ke hawa kansa, ya zauna daidai. Sai ya miƙo min sukundireba yana murmushi.

"Ke za ki ɗaure ƙusar farko."

Na karɓa na ɗaure. Kawu ya ce, "Masha Allah! Kun ga hannun gwanaye." Na fara jin sanyi a raina, na ce ƙila Allah ya dube ni.

Sai aka zo kan katin. Ya yanke mannen kwalin a hankali, ya zaro shi da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Ni kaina da na ga tsawonsa a fili sai da gabana ya faɗi. Ya saita kansa, ya sauke shi cikin akwatin. Gindin ya tokari ƙarfen gaba. Ya ɗaga, ya karkata shi, ya sake gwadawa. Ya tokare. Ya cire wata 'yar fanka da ke gaban akwatin ya sake sakawa. Har yanzu saura kamar faɗin yatsa biyu a waje.

Zufa ta keto min tun daga tsakiyar kai har gadon baya. Ya ɗago ya kalle ni, kallo ɗaya, ba na faɗa ba, irin na mai son a yi masa bayani. Na kasa haɗa ido da shi, na tsura wa lallena ido.

"Lafiya?" in ji Kawu. "Injiniya, matsa mana ki nuna masa yadda ake yi."

Kafin in motsa Safiyullahi ya ce, "A'a Kawu, ba zai shiga ba. Akwatin ya yi kaɗan. Laifina ne, ni na turo mata hoton da ba shi ba."

Jama'a, kun ji fa. Ya san ƙarya yake yi, ya san na san ƙarya yake yi, amma ya ɗauki kayan ya ɗora wa kansa a gaban iyayena.

Kawu ya fashe da dariya har da buga cinya. "Ka gani ko, Malam! Kana da injiniya a hannu kana ta karambani. Da ka sakar mata komai tun farko da yanzu muna kallon taswira. To Allah ya sa a gidanku ka riƙa jin maganarta." Matan bakin katanga suka taya shi. Safiyullahi ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Kawu," yana mayar da katin cikin ledarsa.

Wannan "haka ne" ɗin ita ta karya ni. Da zagina ya yi da na iya shanyewa. Amma a ce ana yi wa mutum dariya a kan tabarmar gidanmu saboda ƙaryata, yana amsawa da ladabi, wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kawu, ba shi ba ne." Na ɗago kai na dube shi. "Ni ce. Ya ce in auna katin, ban auna ba, na ce masa na auna. Shogilas muka auna ni da Dada."

Dada ta dafe baki.

"Kuma ni ba injiniya ba ce. Buga rubutu kawai na iya. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin kayan nan ba sai da ya faɗa."

Kawu ya daina dariya. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon ta. Na san bijimin nan yake tunawa, na jira ya ambace shi, bai ambata ba. Matan katanga suka sulale, ba turmi ba dalilinsa.

Safiyullahi ne ya yi magana, a hankali, ba tare da ya dube ni ba. "To duk amsoshin nan fa? Na wata takwas?"

"Ƙawata ce. Sewuese sunanta. Ni kwafa nake yi in turo maka."

Kawu ya nisa ya ce, "Juwairiya, da kin faɗa min tun ranar da na ɗaga takardar nan. Buga rubutun ma ai sana'a ce, wa ya ce miki zan raina?" Ya mayar da hularsa, ya ce zai je ya duba shanu kafin magariba, ya fita. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Safiyullahi kuma ya kwance abin da muka ɗaure, har da wanda na ɗaure da hannuna. Ya mayar da komai kwalinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Dada, "Dada, a mayar min da su inda suke, don Allah." Ya yi mata godiyar fura, ya ɗauki hular kwanonsa. Ina jin tashin babur ɗinsa har ya sha kwana, ina nan zaune a kan tabarmar.

Lahadi shiru. Litinin shiru, na san ya tafi Awe da tsohuwar laftof ɗinsa mai mutuwa. Dada ba ta yi min faɗa ba, sai dai ta ce, "Ni ma da nawa, ni na ce murhu ne." Ta ɗauki farin akwatin ta sa a gurbin shogilas ɗin, ya kuwa zauna daram kamar yadda muka auna. Duk wanda ya leƙa ta gilashin zai ga babu komai a ciki.

Ranar Talata da hantsi ina shago ina buga wa wani takardar haya, wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ba sallama, ba suna.

"Tambaya ɗaya gare ni. Cikin duk abin da kika rubuto min wata takwas, wanne ne naki?"

Na sallami mai takarda, na zauna na koma farkon hirarmu ina bi layi-layi. Duk wani dogon saƙo mai ma'ana, duk wanda ya amsa da "kai, madalla", na Sewuese ne. Nawa 'yan guntaye ne a tsakani. Ka ci abinci? Ka sa hular kwano. Hadari ya haɗu, kada ka kama hanyar Awe yanzu. Ka sha maganin murar? Allah ya tsare. Sai kuma na ƙarshe, na auna, farin ya yi. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka mai isata.

Da azahar na ɗauki izini na hau babur zuwa hanyar Makurdi. Na sami Sewuese ta sunkuya a kan wata laftof da ta buɗe, ga ƙananan ƙusoshi a murfin kwalba. Ta ɗago ta gan ni, ta mayar da kai. Na tsaya a gaban teburin na faɗa mata komai, tun daga saƙon farko har tabarmar ranar Asabar.

Sai a lokacin ta ajiye sukundireba. "Tsaya. Kana nufin shi bai ma san sunana ba? Duk gaisuwan da nake ba ka?"

"Ban taɓa kai ko ɗaya ba."

"Chai, Juwairiya." Ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa, ta goge da bayan hannu. "Ni ba yabo nake nema ba. Amma ka mayar da ni wawa, sannan ka zage ni a gidanku a gaban Dada."

Na ce ta yafe min. Na faɗa ya fi sau goma, masu shagon suna ta satar kallonmu. Ta ɗauki sukundirebanta ta koma kan laftof ɗin. Can ta ce, "Zan yafe, amma ba yau ba. Kuma ba zan zaɓa maka akwati ba. Ka je gida ka buɗe kwalin. Ka fara daga ƙarfen da ke kansa har ƙarshen robar, ta gefen santimita, ba gefen da Dada ke auna zani ba. Ba ya cizo."

"In ba shi lambarki?"

"Ka ba shi. In yana da tambaya ya yi wa mai amsa."

Na koma gida, na wanke hannu kamar yadda na ga ya yi, na jawo kwalin, na zaro katin na kwantar a kan gadon Dada. Na ɗauko tef. Ko minti ɗaya abin bai ɗauke ni ba, jama'a, ko minti ɗaya. Santimita talatin da ɗaya da rabi. Na buɗe hoton farin akwatin na karanta ƙananan rubutun da na ƙi kallo ran nan. A rubuce yake ƙuru-ƙuru, ba ya ɗaukar katin da ya wuce ashirin da takwas. Na baƙin kuma, murhun gawayin Dada, talatin da uku.

Na zauna a bakin gado na rubuta masa. Na tattaro 'yan guntayen saƙonnin nan nawa na tura, na ce waɗannan ne kawai nawa, da kuma ƙaryar ƙarshe. Na tura lambar Sewuese, na ce ga mai kan da kake yabo. Sannan na ƙara layi ɗaya:

"Tsawon katin santimita talatin da ɗaya da rabi. Baƙin zai ɗauka. Wannan ni na auna da hannuna."

Alamar da ke nuna an karanta saƙo ta koma shuɗiya nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Aka kira la'asar, na yi salla wayar na gefen sallaya, Allah ya yafe min, rabin hankalina na kanta. Ina sallamewa ta yi ƙara.

"Juwairiya, saura tsayin fanka."

Iyakar abin da ya rubuto ke nan. Ban sani ba ko yafiya ce ko jarrabawa, bai ce komai a kan sauran ba. Amma wata takwas rabon da ya kira ni da sunan da babana ya raɗa min. Na share fuskata da gefen hijabi, na durƙusa, na jawo kwali na biyu daga ƙarƙashin gado.